Amsoshin Tambayoyinku: Wurin Wasan Dabbobi da Yara a Gidajen Legas

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karon a kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai gyara wani ɓangare na tsakar gida ko baranda ko saman bene domin dabbar da yake kiwo ta sha iska, yara kuma su yi wasa kusa da ita ba tare da an kwana a asibiti ba. Mu mazauna Legas mun san fili ba shi da araha, mun kuma san ruwan sama da tsatsa da ɓera ba sa ɗaga wa kowa ƙafa, saboda haka amsoshin za su bi halin da garin yake ciki.

Tambaya daga wani Alhaji a Ajah: Na gama gini, kuma akwai fili a bayan gida. Ina da karen gadi, jikokina kuma suna zuwa ƙarshen mako. Mai aikina ya ce in shimfiɗa ciyawar roba, wani ya ce intalok, ni kuwa raina ya fi kwanciya da yashi. Wanne zan saya?

Amsa: Alhaji, kafin a zo maganar shimfiɗa a fara duba inda ruwa zai bi. Ajah ƙasa ce mai kwari kusa da ruwa, kuma a watannin Yuni da Yuli, sannan a Satumba da Oktoba, filin da ba a karkata shi zuwa magudana ba tafki yake zama. Ruwan da ya kwanta yana haifar da sauro, yana kuma ɗauke da fitsarin ɓera, wanda ta cikinsa wata cuta mai taɓa hanta da ƙoda take kama kare da mutum. Saboda haka kuɗin farko na cike ƙasa ne da gyara magudana, da kuma murfi mai nauyi a kan sokawe da rijiya idan akwai ta.

Ciyawar roba ba na ba ka shawarar ta. Tana da kyau a ido ranar da aka shimfiɗa ta, amma da tsakar rana takan yi zafin da zai ƙona tafin ƙafar yaro da na kare, kuma fitsari yana shiga ƙarƙashinta ya zauna, sai wari ya hana kowa zama a wurin. Masu araha daga cikinta zarensu yana tsinkewa, kare ya tauna ya haɗiye. Yashi kuwa yana da daɗin taku, sai dai kyanwoyin unguwa za su mai da shi masai, kuma a cikin yashi mai laima da kashin kare ko na kyanwa ya taɓa ne tsutsar nan take rayuwa wadda ke shiga fatar ƙafar yara ta yi zane mai ƙaiƙayi. Idan kana son jikokinka su samu yashi, a yi musu akwati na katako mai murfi, a rufe da zarar sun tashi. Sauran filin a raba shi biyu: intalok ko siminti mai kaushi a inda kare yake kwana da cin abinci domin a iya wankewa, ciyawa ta gaske a ɗaya ɓangaren, a riƙa yanke ta gajere saboda kaska. Kada a sa tayil mai santsi a waje, domin ruwa kaɗan ya isa ya kayar da tsoho da yaro. A yi rumfa mai tsawo wadda iska ke ratsawa, kuma kafin a saki kare ko yaro da rana a ɗora bayan hannu a ƙasa, idan hannu bai iya jurewa ba to ƙafa ma ba za ta iya ba. Shingen da zai raba wurin karen da na yaran ya kai ƙafa 6, ƙasansa a binne cikin siminti, ƙofarsa da sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Duk ladabin kare, ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da shi. Janareta kuma a fitar da shi daga wannan fili gaba ɗaya, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari, kuma dabbar da ke ɗaure kusa da shi ba ta da hanyar gudu.

Tambaya daga wani saurayi a Obalende: Ina haya a ɗaki ɗaya a hawa na biyu, kuma ina da 'yar baranda. Ina so in sayi babban karen Turawa mai gashi kamar wanda abokina yake da shi, in ɗaure shi a barandar. Wace sarƙa ce ta fi ƙarfi?

Amsa: Ba zan gaya maka sarƙar da za ka saya ba, domin abin da kake shirin yi zalunci ne. Irin waɗannan karnuka masu gashi na ƙasashen sanyi ne, a zafin Legas ko da fili da inuwa wahala suke sha, balle a baranda da rana ke duka tun hantsi. Karen da aka ɗaure dare da rana hali yake canzawa ya koma mai cizo, kuma karnuka da dama sun shaƙe ne saboda sun yi tsalle ta kan ƙarfen baranda sarƙa na wuyansu. Ka tambayi mai gidan hayarka? Ka tambayi maƙwabtan da kuke bin matakala ɗaya da su da 'ya'yansu? Ka lissafa abincinsa na wata? Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ka ajiye kuɗinka har Allah ya hore maka gida mai fili.

Tambaya daga wata uwa a Agege: Muna zaune a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, iyali da yawa tsakar gida ɗaya. 'Yata tana da kyanwa da take ƙauna ƙwarai, a tsakar gidan suke wasa. Kwanakin baya ɗaya daga cikin 'ya'yan kyanwar ya mutu, miyau yana zuba daga bakinsa yana karkarwa. Wata maƙwabciya tana zuba fiya-fiya a lungu saboda ɓera da kyankyaso. Tun ranar ba na barci sosai, domin ƙaramin ɗana rarrafe yake yi. Me zan saya in kare su?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya kwantar miki da hankali, kuma ki sani damuwarki tana kan hanya. Abin da kika gani a jikin ɗan kyanwar, dalalar miyau da karkarwa, ya yi kama da alamun gubar da ke cikin fiya-fiya, kuma gubar da ta kashe shi tana iya yi wa yaro mai rarrafe illa, tunda shi ma hannu yake sawa a ƙasa ya kai baki. Abin da za ki saya ba shi da yawa: tarkon ɓera na waya wanda ke rufe ɓera a ciki, bokitai masu murfi na ajiye hatsi da shara, da ɗan siminti a toshe ramuka. Tarkon gam kada ki saya, domin 'ya'yan kyanwa da yatsun yara yake kamawa. Babban aikin kuwa magana ce. Ki je wurin maƙwabciyar nan cikin mutunci, ko ki sa maigidanki ya yi wa mai kula da gidan magana a tara 'yan haya, a nuna musu cewa tsakar gida ta yaran kowa ce. Kada ki buɗe zancen da kyanwa, domin ba kowa ne zai ji zafin mutuwarta ba, ki buɗe shi da yaran gidan, har da nata. Kafin a daidaita, ki riƙa shimfiɗa wa ɗanki tabarma a ƙofar ɗakinki bayan kin wanke wurin da sabulu, kyanwar kuma ki riƙa ciyar da ita a ɗaki ta ƙoshi, ta kwana a ciki.

Tunda wannan wasiƙa ta taɓo abin da ya fi damuna, zan tsaya a kansa, domin a ganina mafi yawan dabbobin gida da ke mutuwa a unguwanninmu abin da muka saya da hannunmu muka zuba ne yake kashe su. Fiya-fiya da ake sayarwa a 'yan kwalabe marasa suna a tashoshin mota da bakin kasuwa ba wanda ya san ƙarfin abin da aka haɗa a ciki. Babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, babu lambar hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, babu bayanin abin da za a yi idan wani ya sha. Sniper da ire-irensa kuwa maganin ƙwarin gona ne, sinadarin da ke ciki ana kiransa dichlorvos, kuma tun shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna barkatai saboda yawan rayukan da aka rasa. Duk da haka za ka shiga gida ka tarar an yayyafa shi a bakin kwata, a bayan ƙofa, a ƙarƙashin tankin ruwa, daidai inda kyanwa ke bi ta taka sannan ta lashe ƙafarta. Akwai ma masu ɗiga shi a ruwa su wanke kare wai don kaska ta mutu. Kaska takan mutu, karen kuma yakan bi ta, domin gubar tana ratsa fata. Haka masu shafa wa kare baƙin man inji ko kananzir saboda ƙazuwa, fatar ce suke ƙonawa, dabbar kuma ta lashe sauran.

Maganin ɓera mai kama da hatsi ko ɗan dunƙule mai launi ya fi wannan yaudara. Irin wanda ke hana jini daskarewa ba ya nuna alama nan take, sai bayan kwana 3 zuwa 5 a ga dabba ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, jini yana fita ta hanci ko ta bayan gida, a lokacin mai ita ya manta da abin da ya zuba. Kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci gubar ita ma tana iya kamuwa. Idan ya zama dole a sa irin wannan magani, a sa shi cikin akwati mai ƙaramar kafa wadda ɓera kaɗai zai iya shiga, a kuma kwashe mushen ɓera da safe kafin a saki dabbobi da yara.

Idan tsautsayi ya faru, kada a ɗura wa dabba ko yaro manja ko madara kamar yadda aka saba. Wanda ke karkarwa ba ya iya haɗiya daidai, sai abin ya sarƙe shi ya shiga huhu, kuma lokacin da ake ɓatawa wurin ɗurar shi ne lokacin da likita yake buƙata. A wanke jikin da sabulu da ruwa mai yawa idan gubar ta taɓa fata, a ɗauki kwalbar ko takardar maganin a tafi da ita, yaro zuwa asibiti, dabba zuwa likitan dabbobi. Akwai allurar da ke karya gubar dichlorvos, akwai kuma maganin gubar hana daskarewar jini, amma likita sai ya san wadda aka ci kafin ya san wadda zai ba da.

Haka nan ina roƙon iyaye su daina ba dabba maganin mutane. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin kaska na kare mai sinadarin permethrin guba ne ga kyanwa, saboda haka a karanta kwalin a ga ko an rubuta dabbar da aka yi shi dominta. Maganin da ake yi wa shanu wanka da shi a kara ba a kimanta shi da ido a zuba wa ɗan kwikwiyo.

Tambaya daga wani mai gadi a Lekki: Maigidana ya yi tafiya ya bar mini karnuka biyu da kuɗin allurarsu. Wani mutum yana yawo a kan babur da jaka, ya ce zai yi musu allurar haukan kare a rabin kuɗin asibiti. Ni ne nake ba su abinci, nake sakin su a harabar gida da dare. In yarda?

Amsa: Malam, kada ka yarda, kuma na gode da ka tambaya kafin ka yi. Allurar rigakafi ana ajiye ta ne a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius tun daga inda aka yi ta har zuwa jikin dabba. Wadda ta wuni a jaka a kan babur cikin ranar Legas, ko da ta gaskiya ce tun asali, ba a dogara da ita, balle ba ka san ko ruwa ne a kwalbar ba. Illar jabun allura ta fi ta rashin allura, domin wanda bai yi ba yana taka tsantsan, wanda aka yi wa ta jabu kuwa sakin jiki yake yi. Kai ne kake sa hannu a bakin karnukan nan kullum, saboda haka ranka ne ake ciniki a kai. Ciwon haukan kare da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare.

Ka kai su asibitin dabbobi mai rajista. Gwamnatin jiha tana da asibitin dabbobi a Oko-Oba da ke Agege da wasu sassan jihar, kuma lokaci zuwa lokaci takan yi gangamin rigakafin haukan kare kyauta, musamman a kusa da 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware wa wannan ciwo. Idan likita ne zai zo gida, ya zo da allurar a cikin kula mai ƙanƙara, ka ga kwalbar da idonka, ka karanta ranar lalacewa, ya rubuta lambar kwalbar a katin kowane kare ya sa hannu da ranar da za a maimaita. Likitocin dabbobi a ƙasar nan suna da majalisar da ke yi musu rajista, kuma likita na gaskiya ba ya jin haushi idan aka nemi shaidarsa. Ana fara yi wa kwikwiyo wannan allura yana da wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, kyanwa ma ana yi mata. Ka ajiye rasit ka nuna wa maigidanka. Idan kuma wata rana kare ya cije ka ko ya yakushe ka har fata ta buɗe, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar, kada ka tsaya neman gashin karen ko wani magani na gargajiya.

Tambaya daga wani magidanci a Idi-Araba: Tun ina yaro a gida nake kiwon tattabaru, yanzu mai gidanmu ya ba ni izini in yi musu ɗaki a saman bene. 'Ya'yana maza suna son hawa su taya ni. Wace irin waya zan saya?

Amsa: Madalla da ka nemi izini tukuna. Kafin wayar tattabaru, Malam, ka duba gefen benen. Yawancin saman benayen unguwanninmu an bar su ne da niyyar ƙara hawa, babu katanga, ga ƙarafan rodi a tsaye tsirara. Yaron da ke bin tattabara da ido sama yake kallo yana ja da baya. Idan babu katanga ko ƙarfen kariya da ya wuce ƙugun babba, kada yaro ya hau, kuma kan kowane rodi a lanƙwasa shi ko a rufe shi. Ka kuma dubi wayoyin lantarki da suka ratsa kusa, domin doguwar sandar da ake kaɗa tattabaru da ita tana iya taɓa su.

Game da waya, siririyar nan ta akurkin kaji mai ido mai kusurwa shida ba ta daɗewa a Legas. Iskar garin tana da laima da gishirin teku, damina ɗaya ko biyu sai ka ga tana marmashewa, gafiya kuma tana tsinka ta. Ka nemi waya mai kauri wadda aka yi wa walda murabba'i-murabba'i, mai idon rabin inci, wadda aka tsoma a ruwan tutiya domin hana tsatsa. Idon da ya fi haka faɗi ɓera zai shiga ya sha ƙwai ya kashe 'yan shila. A nan ma akwai algus, domin ana fesa wa baƙar waya fenti mai ruwan azurfa a sayar da ita a matsayin mai hana tsatsa. Ka kankare gefe ɗaya da makulli a gaban mai shagon, idan fenti ya tashi baƙin ƙarfe ya bayyana ka ajiye masa kayarsa. Ka kuma sa a warware a auna a gabanka, kada ka karɓi naɗi a rufe bisa maganar baki. Araha ba ta ado, wanda ya sayi mai sauƙin kuɗi zai biya kafinta sau biyu.

Ɗakin a ɗaga shi daga ƙasa a kan ƙafafu, bayansa ya juya wa ɓangaren da ruwan sama ya fi bugowa, rufinsa a ɗaure shi da kyau saboda iskar farkon damina, a sa silin ko katako a ƙarƙashin kwanon domin rage zafi. Ka nisanta shi daga tankin ruwan gidan, ka tabbata murfin tankin yana rufe, domin ranar da maƙwabta suka ga kashin tattabara a ruwansu ranar ce izininka zai ƙare. Ruwan shansu a canza shi kullum, ta cikinsa ciwon maƙogwaro yake yaɗuwa a tsakaninsu. Busasshen kashinsu kada a share shi a bushe, a yayyafa ruwa tukuna a kuma rufe hanci, domin ƙurarsa tana lahanta huhu idan an daɗe ana shaƙa, kuma yaro mai asma bai kamata ya yi wannan aiki ba. Sabuwar tattabarar da ka sayo a kasuwa ka ware ta mako biyu zuwa uku kafin ka haɗa ta da naka. Idan kuma ka ga suna mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, kada yara su taɓa, kada a yanka a ci, a sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006 kuma tana dawowa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Mile 12: Ina da zomaye biyu a keji, ina so in riƙa sakin su a bayan gida. Ya halatta in bar su su wuni a waje?

Amsa: 'Yata, ki sake su da sassafe da kuma bayan la'asar, kina wurin. Zomo ba ya jure zafi, rana ɗaya mai tsanani tana iya kashe shi, kuma yana haƙa rami ya fice, saboda haka shingen ya shiga ƙasa kamar ƙafa ɗaya, samansa kuma a rufe da raga saboda shirwa da kyanwa. Ganyen da kike samowa a kasuwa ki wanke shi ki bari ya tsane, wanda ya fara ruɓewa ki zubar. Kada ki ɗaga zomo ta kunne.

Tambaya daga wata Hajiya a Ikorodu: Ina so in dasa shuke-shuke a kewayen filin da kyanwoyina da akuyar yara suke yawo. Masu sayar da furanni a bakin titi sun nuna mini iri-iri. Wanne zan guje wa?

Amsa: Hajiya, masu sayar da furanni kyau suke sayarwa, ba kowannensu ne ya san mai guba ba. Daga cikin waɗanda muka sani tun a gida, ki guji zurma da bini-da-zugu, domin 'ya'yansu guba ne kuma yara suna ɗaukarsu kamar gyaɗa, ki kuma tuge zaƙami duk inda ya tsiro. Daga cikin na ado, akwai wanda ake kira oliyanda mai siraran ganye da fure ja ko fari, ganye kaɗan daga cikinsa yana iya tsayar da zuciyar akuya. Akwai mai faɗin ganye kore da ɗigon fari da ake sawa a tukunya a baranda, wanda ruwansa ke kumbura baki da harshe. Furen lili kuma yana lalata ƙodar kyanwa ko da kaɗan ta lasa. Idan mai sayarwa bai san sunan shuka ba, ki ɗauki hotonta ki nuna wa likitan dabbobi kafin ki biya. Zogale ba shi da wannan matsala, ga inuwa ga miya, sai dai ki kewaye shi yana ƙarami don kada akuyar ta cinye shi.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Ebute Metta: Ana tallar wani aku mai jan wutsiya, an ce daga daji aka kamo shi. Ina so in saya in riƙa fitar da shi tsakar gida.

Amsa: Kada ka saya. Tun 2016 ƙasashen duniya suka amince da hana cinikin irin wannan aku da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa saboda yana ƙarewa, kuma kowane ɗaya da ya iso kasuwa da rai an yi asarar wasu a hanya. Kuɗinka ne zai sa a koma a kamo wani.

Tambaya daga wani matashi a Surulere: Na sayi ɗan kwikwiyo mai wata biyu. Zan iya kai shi wurin shaƙatawa ko bakin teku ya yi gudu?

Amsa: Ba yanzu ba. Akwai cutar amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, ƙwayarta tana rayuwa a ƙasa watanni da yawa, saboda haka sai ya kammala jerin allurorinsa likita ya ce ya isa. Bayan nan ma ka tambayi masu kula da wurin tukuna, ko lambun gwamnati ne da ke ƙarƙashin hukumar LASPARK mai kula da lambunan shaƙatawa na jihar Legas ko bakin teku na 'yan kasuwa, domin kowane wuri da ƙa'idarsa. Ka riƙe shi da igiya mai ƙarfi, ka tafi da ruwan sha da ledar kwashe kashinsa, kuma kada ka bari ya tunkari mutane. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ba sa son kare ya taɓa musu tufafi, kuma haƙƙinsu ne.

Tambaya daga wani uba a Ojo: Na sayo ɗan rago a Alaba Rago da niyyar in kiwata shi zuwa Babbar Sallah. Yara sun shaƙu da shi, kullum suna tare a tsakar gida. Yaya zan gyara masa wuri?

Amsa: Malam, rago ya fi tsoron laima a kan komai. Ka yi masa rumfa mai rufi, ƙasanta a ɗaga ta da katako mai 'yan tsaga ko a zuba tsakuwa, domin tsayuwa a cikin taɓo tana ruɓar da kofato, sanyin damina kuma yana sa shi tari. Turken ya zama gajere mai santsi, igiyar a ɗaura ta da ƙullin da ba ya zargewa, kuma kada a kafa turken kusa da kwata ko matakala ko wani abin da zai haura ya rataye. Ka sa yara su riƙa tsince leda kullum safe da yamma, har da ta ruwan sha da ake yarwa, domin rago yana cin leda, ta taru a tumbinsa ya riƙa ramewa alhali kana zuba masa dusa da harawa. Ragowar shinkafa ko garin rogo mai yawa a lokaci ɗaya yana kumbura masa ciki har ya kai ga mutuwa, saboda haka a gaya wa masu ɗakin girki su daina juye masa tukunya. Dusar da ta yi fumfuna a zubar da ita, a kuma ajiye buhun a kan katako nesa da bango. Ka hana yara tura masa goshi da hannu da sunan wasa, domin haka ake koya wa rago tunkuyi, kuma nan da 'yan watanni zai yi nauyin da zai kayar da yaro a kan siminti. Maganin tsutsar ciki da duk wata allura a karɓe su daga likitan dabbobi, ka kuma gaya masa ranar da kake nufin yankawa, domin kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a ci naman dabbar da aka ba.